Daga Tukunyar Kaka Zuwa Shagon Kemis: Yadda Uwar Karkara Ta Yi Ta Neman Wa Ɗanta Magani

Har yau a ƙauyukan ƙasar Hausa ana samun dattijo mai suna Ajuji, ko tsohuwa da ake kira Ayashe. Ba sunan yanka ba ne. Laƙabi ne na ɗan da aka haifa bayan uwarsa ta sha wabi, ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna goye. A wasu gidajen ungozoma kan ɗauki jaririn ta ajiye shi kan juji na ɗan lokaci kamar ba a damu da shi ba, sannan wata ta je ta ɗauko, da fatan abin da ke ɗauke 'yan uwansa zai kau da kai daga gare shi. Mutanen da suka yi irin wannan tanadi sun san mutuwar yara sani na kusa. Ƙyanda, agana, tarin shiƙa, gudawa, zazzaɓin damina, sanƙarau idan bazara ta yi tsanani, kowace uwa ta san lokacinsu, kuma kowace tana da hanyar da take bi in jikin ɗanta ya yi zafi. Hanyar nan ta sauya sau da dama cikin shekara ɗari, kuma babu sauyin da ya zo ba dalili.

A da, matakin farko ba ya wuce tsakar gida. Mai jego, musamman ta haihuwar fari, ba ita ke da ta cewa ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko ambaton sunansa, balle ta nuna damuwa a gaban manya. Kakar yaron ce za ta taɓa goshinsa, ta shafa maɗigarsa, ta leƙa bakinsa, sannan ta yanke hukunci: haƙori ne, ko shawara, ko ɗankanoma, ko kuma sanyi ya shige shi. Kowane hukunci da tukunyarsa. Akwai ɗauri mai ɗaci da ake ɗura wa jariri tun yana ɗanye, akwai sabara, akwai bagaruwa ta mai gudawa, akwai rai-ɗore, ga man shanu da man kaɗe na shafawa. Idan abin ya fi ƙarfin tukunyar gida, sai a aika wurin 'yar mai ganye, wadda ta san saiwa da sassaƙe, take kuma shiga gidajen kulle da ƙwaryarta ba tare da wani ya tambaye ta ba.

Wani abin lura a nan shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. Yau in aka ce maganin gargajiya na zazzaɓi, ita ce ke fara zuwa a rai, a dafa ganyen a yi surace, a yi wanka, a ɗan sha. Amma bishiyar baƙuwa ce. Daga Indiya take, kuma a zamanin Turawa aka fara dasa ta a Borno wajen ƙarshen shekarun 1920, sannan ta bazu a bakin hanyoyi da kasuwanni. Kafin jikokin masu dashen su girma, ta riga ta shiga tukunyar kowace kaka. Tsofaffin nan da ake cewa ba sa karɓar sabon abu sun gwada, sun ga da amfani, sun riƙe.

Bayan mata sai maza masu sana'a. Kowane gida da wanzaminsa, gado ne da ake gada daga kakanni, har garuruwa suna da Sarkin Aska. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke tsagar gado, shi ke ƙaho, kuma in cikin yaro ya kumbura aka ce saifa ce, shi za a kira. Malam yana rubutu a allo a wanke a ba yaro, ya yi tofi, ya ba da laya baduku ya ɗinke ta da fata a rataya a wuya. Wannan reshe yana da tushe a rubuce, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da dama kan magani da Larabci, yana haɗa magungunan Musulunci da abin da likitocin Larabawa suka bari. Ciwon da ya zo farat ɗaya kuwa, yaro ya sanƙare, idanu su juye, ko ƙafa ta shanye cikin kwana biyu, wannan an fi jingina shi ga iska, sai a nufi boka ko 'yan bori. Sunan shan inna ma daga nan ya samo asali.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane duka shi ne kusanci da lamuni. Wanzami ba ya cewa a biya kafin ya zare aska. Damin gero yake jira da kaka, da kason naman suna. Malam sadaka ake ba shi gwargwadon hali. Babu wanda zai daka wa uwa tsawa don ta makara. Duk wanda zai fahimci abin da ya biyo baya, to ya riƙe wannan.

Ba duka ne alheri ba, kuma faɗin haka ba raina kakanni ba ne. Askar da ta yanke cibiya ko ta cire beli ba tare da an dafa ta ba ta jawo wa jarirai da yawa sarƙewar haƙora da zubar jini. Zubar da dakashi, nonon farko mai kauri da ake ganin ba shi da kyau, ya hana jariri kariyar da ta fi kowace. Cewa "haƙori ne" ta sa an zuba wa gudawa ido har maɗiga ta faɗa, a lokacin kuwa ruwan jikin yaro ya kusa ƙarewa. Iyayen su ma ba su tsira ba: a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun nuna alaƙa tsakanin ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Jaririn da uwarsa ta rasu a jego kuwa, a wancan zamani, da wuya ya kai yaye.

Asibitin Bature bai zo don uwar ƙauye ba. An fara gina shi ne saboda Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati. 'Yan mishan, waɗanda suka buɗe asibitoci da yawa a kudu, an taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai 'yan wurare irin su Wusasa kusa da Zariya, da sansanonin kutare da aka ba su dama a shekarun 1930, da asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950. Abin da ya isa karkara shi ne ɗakin shan magani na En'e a hedikwatar gunduma, asibitin sha-ka-tafi, inda malamin asibiti guda ke zuba ruwan magani daga manyan kwalabe. Sauran ayyukan lafiya kuma da sanda suka zo. Duba-gari yana leƙa randa ya ci tara. A ƙasar Anchau an tashi ƙauyuka an sake musu mazauni saboda ciwon barci, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Masu lamba kan zo da dogarin hakimi a bayansu, shi ya sa tsofaffi ke ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji ƙarar motarsu.

Allura ce ta karya wannan tsoro. Bayan yaƙin duniya na biyu penisilin ya iso, uwa ta ga yaron da ƙirjinsa ke ja, ko wanda gyambo ya ci wa ƙafa, ya warware cikin kwanaki. Ba a buƙaci mai shela ba. Daga nan ne mutanen karkara suka ɗauki allura a matsayin magani na gaske, ƙwaya kuwa na wucin gadi, ra'ayin da har yau ma'aikatan lafiya ke fama da shi. Sannan a 1967 aka soma gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma, ana haɗawa da rigakafin ƙyanda, da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, ana yi wa ɗaruruwa a dandali guda. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya. Cutar da ta makantar da mutane, ta bar zane a fuskokin kakanni, ta ɓace a idon kowa. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna a ƙauyukan Malumfashi, ya rubuta a 1981 cewa mutanen wurin suna zagayawa tsakanin masu magani iri-iri ba tare da sun damu da bayanin da kowane ke bayarwa kan asalin ciwo ba. Uwa ba ta ga saɓani tsakanin laya a wuyan ɗanta da lamba a damtsensa ba.

Zamanin da gwamnati ta fi matsowa kusa da ita shi ne na Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Taron Alma-Ata na 1978 ya riga ya ce a kai kula da lafiya matakin farko, shi kuma ya ɗauki maganar da gaske. An fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomomi, aka yawaita ranakun rigakafi, katin awo na yara ya shiga ƙasan adaka tare da takardun gona. Rediyo ta koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari: kwalbar lemo biyu ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, goma na sukari. A nan ne aka ɗauki maganin asibiti aka damƙa shi a hannun uwa aka ce ke ce likitar, kuma mata da yawa da suka haihu a shekarun nan har yau ba su manta awon ba.

Sai dai a daidai lokacin ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Maganin kyauta ya ƙare. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin sayar da magani a asibiti don a juya kuɗin, inda aka riƙe amana ya yi aiki, inda ba a riƙe ba kantoci suka bushe. Uwa ta yi tafiyar rabin yini da goyo, ta yanki kati, ta bi layi, a ƙarshe a miƙa mata takarda a ce ta je waje ta saya. Ba ta buƙatar a gaya mata sau biyu. Tun da a kemis za a ƙare, gara a fara daga can.

Shagon kemis na ƙauye ɗaki ne guda a bakin kasuwa ko kusa da tasha, da labule a ciki da benci a bayansa. Sau da yawa ba a ma kawo masa maras lafiyar. Yarinya 'yar shekara tara ce za ta zo da kuɗi a ƙulle a bakin zane ta ce, "Wai in ji Inna, jikin Auta da zafi tun jiya, ga amai." Shi kuma ya tambaya, "Na nawa ta ce a ba ta?" Ya yanki ƙwayoyi da almakashi daidai kuɗin, ya haɗa fari da ja da rawaya a ƙullin takarda, ya ce a ba shi rabi safe rabi yamma. Lasisinsa bai ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ba, amma a bayan labulen ana yi, kuma kowa "likita" yake ce masa. Yana buɗewa da tsakar dare in an ƙwanƙwasa. Yana ba da bashi zuwa ranar kasuwa. Ya san sunan maigidan, ya je sunan yaron. A taƙaice ya gaji kujerar wanzami, kuma dalilan da suka sa aka amince da wancan su ne suka sa aka amince da shi.

Illar ita ce maganin da aka yanka daidai aljihu ba ya kashe ciwo, yana kwantar da shi ne. Kulorokwin, wanda ya yi shekaru yana aiki, ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro, har Najeriya ta sauya zuwa sabon haɗin magani a 2005, amma tsohon ya daɗe a kantoci saboda arha. Jabu ya cika kasuwa. A ƙarshen 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da sinadari mai guba, ya lalata ƙodar yara a Legas da Zariya da wasu garuruwa, hukuma ta ƙirga 84 da suka rasu. Iyayensu sun saya ne don tsohuwar fahimtar nan cewa fitowar haƙori ciwo ce mai neman magani.

Me ya sa ba a wuce kemis a tafi babban asibiti da wuri? Masu wannan tambaya su dubi kalanda. Zazzaɓi ya fi tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, kowane hannu yana gona, rafi ya cika ya yanke hanya. Kwanciya asibiti na nufin kuɗin babur ko mota, kuɗin kati da gwaji, leda ɗaya ta jini in yaro ya ɗashe, abincin mai jinya, da wadda za ta riƙe sauran yaran a gida. Sannan ga izini. Mace ba ta fita da yaro zuwa wani gari sai da yardar miji, shi kuwa da rani yana iya kasancewa ci-rani a Legas ko Fatakwal. "Sai maigida ya dawo" ta ci rayuka, haka ma jiran wan miji ko suruka su amince. Matan da ke da 'yar sana'a, ƙuli-ƙuli ko fura ko saƙa, ko zubin adashi, ko akuyar da za a ja zuwa kasuwa, su suka fi saurin yanke shawara. Wayar hannu ta rage wannan jira ƙwarai: a kira shi, ya ce a tafi, ya turo kuɗi ta hannun mai POS.

Akwai kuma raunin amana. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi kisan, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Labarin ya shiga kowane ƙauye. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ta tarar da ƙasa a jiƙe, Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004. A ƙofar gidaje kuwa tambayar da mata suka yi ta yi wa masu ɗigo tana da nauyi: ga ƙyanda da zazzaɓi suna kashe mana yara, mun je asibiti babu magani, don me wannan kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaki kyauta? Sai da aka sa sarakuna da malamai a gaba, aka ɗauki matan unguwa aikin, aka riƙa haɗawa da sabulu da gidan sauro da maganin ƙananan ciwo, sannan ƙofofi suka buɗe. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020.

Wani lokacin ma ba wanda ya san sunan ciwon. A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a Dareta da Yargalma da Bagega a Zamfara. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha maganin zazzaɓi, ba sauƙi. Gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Kimanin yara 400 suka rasu kafin a kankare ƙasar gidajen a fara ba da maganin da ke fitar da gubar.

Ƙetaren iyaka, 'yan uwa a Nijar sun bi wata hanya da ta cancanci a tsaya a kanta. Daga 2001 gwamnatin Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, aka horar da ma'aikatansu su yi maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari nan take. Yunwar 2005 ta cika Maraɗi da yara masu tamowa, a shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar fiye da 60,000, akasari ba tare da an kwantar da su ba: a ba uwa ƙullin abincin gyaɗa da madara na mako guda, ta koma gida ta ciyar da ɗanta da kanta, ta dawo awo. A 2006 aka yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Matan da ake cewa jahilci da al'ada ne suka hana su zuwa asibiti sai ga su sun cika layi. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yaran nan ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Tsarin ya yi ta tangal-tangal saboda gwamnati na jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, amma duk da haka mata daga ƙasar Jibiya da kewaye sun yi shekaru suna ƙetarawa Ɗan Isa da Madarunfa da goyonsu.

A Najeriya ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna yara 132 cikin dubu ba sa kai shekara biyar. A birni 92, a karkara 157, a arewa maso yamma 187. Abin da ya fi tasiri a 'yan shekarun nan shi ne wanda ya bi uwa har gida. Tun 2013, da aka fara a Katsina, mata masu jaka ke zagayawa kowane wata na damina suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓi, su ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu. A Disambar 2024 aka soma allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi. A gefe guda kuma 'yan bindiga sun rufe ɗakunan shan magani da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ma'aikata sun gudu, hanyar da ake bi da dare da yaro mai jijjiga ta zama sai an jira gari ya waye.

A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN sun gwada wani abu wajen 2013. Sun ɗauki ɗan tef ɗin nan mai launin kore da rawaya da ja da ake auna damtsen yaro, wanda a da sai ma'aikacin lafiya ke riƙewa, suka koya wa iyaye mata, galibinsu ba su yi boko ba, suka bar musu shi a gida. Awon matan ya yi daidai da na ma'aikata, kuma a yankin da uwa ke auna ɗanta da kanta an fi kawo yara tun tamowar ba ta yi nisa ba, waɗanda sai an kwantar da su suka ragu. Daga Mirya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da jihohin arewacin Najeriya.